Jingar ƙarin maki: in yi, ko in rungumi jarrabawata?

Ummi_Bronx:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin yayyena da suka riga ni shiga harkar nan. Ina shekarar ƙarshe a wata kwalejin shekara biyu a nan Niyok, kuma a zangon nan ina ɗaukar kwas na nazarin al'amuran duniya. Makin kwas ɗin gaba ɗaya 1000 ne. An riga an yi na 800, na samu 690, saura jarrabawar ƙarshe mai maki 200 nan da mako uku.

To malamar tamu ta fito da jingar ƙarin maki, ta ganin dama, wanda bai yi ba ba a rage masa komai. Guda biyar ta jera, kowace maki 10, amma ba a yin fiye da uku. Akwai bin sawun wani kaya tun daga gona ko mahaƙa har kantin da ake sayar da shi, shafi uku. Akwai hira da wanda ya yi ƙaura daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai ziyarar hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a rubuto abin da aka gani. Akwai ɗaukar labari ɗaya a kwatanta yadda kafofin ƙasashe uku suka ba da shi. Ta ƙarshe taswira ce fayau babu suna ko ɗaya, mutum ya zauna a gabanta ya cike ƙasashen Afirka da Asiya.

Matsalata lokaci. Ina aiki a kantin magani da yamma kwana huɗu a mako, ga wasu kwasa-kwasan guda uku. In yi, ko in rungumi littafina kawai?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Maki a ɓagas har sai an yi shawara? Ki yi duka ukun, ki roƙi ta huɗu.

Anti_Bilki:
Ba ɓagas ba ne, Ɗan Fagge, da lokacinta za ta saya. Ummi ƙanwata, jarrabawa farilla ce, wannan nafila. Ba a barin farilla a kama nafila. Na ga yara da yawa a nan Ohayo sun ƙare makon ƙarshe suna bin maki 10, suka je suka zubar da 40 a ɗakin jarrabawa.

Injiniya_Samaru:
Kafin a shiga wa'azi bari a yi lissafi. Ummi, a makarantarku nawa ne A mai ragi, nawa ne B mai ƙari?

Ummi_Bronx:
900 da 870, Yaya.

Injiniya_Samaru:
To kin gani. Kina da 690. Ko kin cinye jarrabawar nan kaf, 200 bisa 200, a 890 za ki tsaya. Wato ba tare da jingar nan ba ƙofar A a rufe take ruf. B mai ƙarin ma sai kin ci 180. In kuwa kin samu 30 ɗin nan, 150 ta ishe ki B mai ƙari, 180 ta kai ki A mai ragi. A ma'aunin GPA na Amurka, wato matsakaicin sakamakon ɗalibi, wannan 3.3 ne da 3.7, kuma tunda kwalejin shekara biyu kike, na san jami'a za ki nema ki ƙarasa digiri, su kuwa GPA suke fara dubawa. Anti Bilki, ai malamai sun ce da nafila ake cike giɓin farilla.

Anti_Bilki:
Injiniya ka ci ni da lissafi, amma ban janye ba. 180 ɗin ai sai an zauna an yi karatu.

Malamin_Jamia:
Ni dai abin sha'awa yake ba ni da takaici lokaci guda. Ina koyar da kwas mai kama da wannan a wata jami'a a nan Arewa. Ajin 'yan shekarar farko ya haura mutum 400. Tsarinmu a ƙayyade yake, gwaje-gwajen cikin zango 30 ko 40, jarrabawa 70 ko 60, kuma takardar sakamako sai ta bi ta sashe da tsangaya har majalisar jami'a. Babu gurbin da zan rubuta wani abu wai shi ƙari. In na ce zan yi, cikin makin gwajin zan yanko, ka ga ya tashi daga ganin dama ya zama dole. Sannan wa zai duba shafi uku sau 400? Ni kaɗai ne, babu mataimaki.

Ban da haka ma, a wurinmu kalmar ƙarin maki ta riga ta yi ƙaurin suna. Da ɗalibi ya ji ta, abin da yake zuwa ransa daban ne.

Dan_Fagge:
Malam faɗi kawai. Muna aji biyu wani malami ya ce duk wanda ya sayi littafinsa ya rubuta lambarsa a takardar wakilin aji, yana da maki 5. Littafin ko bango mai kyau ba shi da shi. Na saya, har yau ban buɗe ba, yana nan ana ɗora masa fitila.

Malamin_Jamia:
Wannan ba ƙarin maki ba ne, ciniki ne, kuma hukumomin jami'o'i sun hana. Abin da malamar Ummi ta yi daban ne: ta sanar da kowa lokaci ɗaya, ta rubuta ƙa'ida, ta sa iyaka. Kamar gyara ce a kasuwa. Mai awo ya cika miki mudu, sannan ya ɗan ƙara da hannu. Matsala tana zuwa ne in ya tauye mudun da gangan don ki yi ta godiyar gyara.

Hafsat_KL:
Ni kuwa ko da ƙa'idar ban yarda adalci ba ne. Ku duba Ummi kanta. Tana tsaye a kanti kwana huɗu. A ajinsu akwai wanda iyayensa ke biya masa komai, ba ya aikin fari balle na baƙi, shi zai yi ukun nan cikin kwana biyu yana shan shayi. Akwai mai goyo, akwai mai tuƙin tasi da dare. A ƙarshe wanda ya fi hutu shi zai fi maki, ba wanda ya fi gane darasin ba. Ziyarar Majalisar ma ai da kuɗi ake yankar tikiti. In aikin yana da muhimmanci a sa shi cikin 1000 ɗin kowa ya yi. In ba shi da shi, me ya kawo shi?

Injiniya_Samaru:
Hafsat, da wannan hujjar ai karatun jarrabawar ma mai hutu ya fi samun lokacinsa. Sai a soke jarrabawa?

Hafsat_KL:
A'a. Amma ba a ƙara wa mai ƙiba kitse ba.

Baba_Dawanau:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Amma na ga an ce bin sawun kaya daga gona. 'Yata Ummi, ke 'yar ina ce a gida?

Ummi_Bronx:
Kano, Baba. Gwammaja.

Baba_Dawanau:
To ai aikinki a bakin ƙofa yake. Shekarata ashirin da wani abu ina harkar zoɓo a Dawanau. Daga Jigawa ake kawo mana, wajen Maigatari da Gumel, da Katsina, wani kuma daga Nijar yake tsallakowa. Manomi sau da yawa a gefen gonar gero yake shuka shi, kamar iyaka. Bayan damina mata su ɓare, a shanya. 'Yan kasuwar ƙauye su tara, mu saya a buhu, a kai sito, mata su zauna su tsince ƙasa da itace da tsakuwa, a yi feshin ƙwari, a ɗura a kwantena, mota ta kai Legas, jirgin ruwa ya ɗauka. Kin san ina mafi yawansa yake zuwa? Meziko. Akwai shekarun da suka dakatar da saye, suka ce sun ga ƙwaro a kaya, wallahi mutane da yawa sun karye a lokacin, sito cike babu mai taya. Wanda ya shuka a Maigatari bai san inda Meziko take ba, amma hukuncin da aka yanke can shi ya hana shi yi wa 'yarsa kayan ɗaki.

Ummi_Bronx:
Baba, Allah ya ƙara girma, tsigar jikina har ta tashi. A layinmu akwai kantin 'yan Meziko, kullum ina wuce wata babbar kwalba cike da jan abin sha da ƙanƙara, suna ce masa hamaika. Na taɓa saya na ce wa mamana wannan ai zoɓo ne babu citta babu kanumfari. Busasshen ma suna sayarwa a leda. Ban taɓa kawo wa raina daga gida yake zuwa ba.

Anti_Bilki:
Ki duba bayan ledar kafin ki rubuta. Su ma suna nomawa, Sudan ma tana fitarwa. Kada ki ce na Jigawa ne malama ta tambaye ki hujja ki tsaya kame-kame.

Zango_Nima:
A nan Gana sobolo muke ce masa, ko'ina a Akara ana sayarwa. Amma in ni ne, albasa zan bi. Ta Galmi, jar nan. Manyan motoci ke ɗauko ta daga Nijar su kwana da kwanaki a hanya, shinge bayan shinge, kowane shinge da abin da ake ajiyewa. Da a Agbogbloshie ake sauke ta, a 2021 gwamnati ta tashi 'yan albasa ta mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari. Duk ranar da aka samu matsala a iyaka, kafin mako ya zagayo matar da ke dafa wake da shinkafa a Nima ta ji a jikinta.

Kuma abin da ke ba ni dariya da irin kwasa-kwasan nan, sai a riƙa koya maka cuɗanyar duniya kamar da kwantena aka fara ta. Kakannin kakanninmu da jakuna suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina, ayari guda ƙarƙashin madugu, wata da watanni har Salaga a ƙasar Gonja, su kawo kanwa da tufafi da fata su koma da goro. Zangon da nake zaune a ciki asalinsa ke nan.

Dan_Maradi:
Gaskiya ne ɗan uwa. Mu nan bisa 20 ake ba da maki, 10 ita ce mwayen, wato makin tsallakewa, wanda ya samu 14 sai a yi mashi barka. Ƙarin maki a rubuce babu shi, sai dai malam ya ce wanda ya tashi ya yi bayani gaban aji zai ƙara mashi ɗaya ko biyu, kuma ɗaya bisa 20 ba wasa ba ne.

Amma Ummi, in kina son malamarki ta miƙe zaune, bi sawun yuraniyom. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit. Kafin 2023, sai a sarrafa shi ya zama garin nan rawaya, a ɗura a ganguna, mota ta kai tashar jirgin ruwan Kwatano, sai Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake. Mu kuwa a lokacin wutar da muke kunnawa mafi yawanta daga Najeriya muke saye, kuma kowa ya ga abin da ya faru a 2023 da aka yanke ta bayan juyin mulki. Mahaƙar Cominak ta rufe a 2021, mahaƙar Somaïr kuma gwamnati ta karɓe ta daga hannun kamfanin Faransa Orano a 2025. Shafi uku ba su isa ba ma.

Dan_Fagge:
To da aka karɓe, wutar ta zo?

Dan_Maradi:
Ku da ba a karɓe maku komai ba, taku ta zo? Jiya ɗan uwana na Kano da fitilar waya ya kira ni.

Dan_Fagge:
Ni dai tambaya na yi. Kun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma har gobe Jibiya da Maigatari da Illela cike suke da ku.

Dan_Maradi:
Cike suke da mu da ku. Kasuwar ta girmi CEDEAO, wato ECOWAS ɗin, ita 1975 aka haife ta.

Admin_Sadiya:
Ɗan Fagge da Ɗan Maraɗi, don Allah. Yarinya ta tambayi jinga, kun kai mu taron shugabannin ƙasa. Akwai zauren siyasa, ku je can.

Malamin_Jamia:
Admin ki yi haƙuri, amma rigimar tasu ita ce jinga ta huɗu da ƙafarta. Ummi, ɗauki ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ki duba yadda RFI ta ba da labarin, da yadda gidan talabijin na gwamnatin Nijar ya ba da shi, da wata jaridar Najeriya. Wa aka fara ambata, wa aka ji muryarsa, wace kalma aka zaɓa wa sojojin da ke mulki. Ki kuma lura cewa Nijar ta dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, wannan kansa abin rubutawa ne. Kina da abin da 'yan ajinku ba su da shi: kina jin Hausa. BBC tun 1957 take watsa shiri da Hausa, ga DW, ga RFI, ga TRT. Ki tambayi malamar ko za ta karɓi rahoton Hausa in kin fassara da kanki. Ni da ɗalibi zai kawo min haka da na ji daɗi.

Hafsat_KL:
Malam, ka ga ka dawo kan maganata ba ka sani ba. In har aikin ya kai yadda kuke zuzuta shi, kuma na yarda ya kai, don me zai zama maki 10 cikin 1000? Kashi ɗaya cikin ɗari fa ke nan. Abin da ya fi koyar da ɗalibi an mai da shi gyara, haddar ma'anoni kuma ita ce mudun.

Malamin_Jamia:
Nan kam kin kama ni. Sai dai akwai wani abu da na lura da shi: abin da aka ce dole ne, ɗalibai da yawa kwafe shi suke yi. Na taɓa ba da jinga kan Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu suka kafa a 1964. Mutum sittin da wani abu suka kawo min rubutu iri ɗaya har da kuskuren bugu iri ɗaya, shagon kwamfuta guda ya buga musu. Wanda ya zaɓi abu da kansa ya fi yi da zuciya ɗaya.

Takari_Madani:
Salamu alaikum, na zo a makare. Ina Wad Madani ta Sudan kafin yaƙi, yanzu ina Alƙahira. Kan maganar hira da wanda ya yi ƙaura nake son in ce wani abu. Kakata ta rasu ban taɓa zama na ɗauki labarinta ba, kuma ita ta ji daga bakin waɗanda suka taso da ƙafa bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake yanzu. Wasu niyyar hajji ce ta fito da su, suka yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun je sun dawo suka zauna. Ga shi yanzu mu jikokinsu mun sake ɗaukar kaya tun 2023. Da wani malami ya ba ni maki 10 a kan in zauna da ita da rikoda, da yau ina da muryarta. Ummi, ko ba ki miƙa wa malama ba, ki yi hirar nan da wani babba a gidanku.

Anti_Bilki:
Allah ya jiƙanta, ya kawo muku zaman lafiya. Amma Ummi ki kula, nan Amurka ce. Kada ki je masallaci ki kama wani bawan Allah da tambayar yaya ka shigo, ta ina ka biyo. Ba kowa ne takardunsa suka cika ba, kuma ba kowa ne zai iya ce miki a'a ba saboda kunyar iyayenki. Ki nemi izini ƙarara, ki canja suna, kada ki rubuta unguwa ko wurin aiki, kuma in kin ɗauki murya ki goge bayan kin gama. Mafi sauƙi ki yi da mahaifiyarki.

Ummi_Bronx:
Mama za ta ce in bari sai ta gama kallon wasan Hausarta, amma zan gwada.

Sojan_Taswira:
Duk kun bar mafi araha. Taswira! Babu rubutu, babu tikiti, babu neman izini. Afirka 54 ce, ki riƙa yi a jirgin ƙasa kan hanyar aiki, akwai manhajojin wasa a waya. Inda ake faɗuwa sanannu ne: Gini uku, Kongo biyu, Ruwanda da Burundi, Lesoto da Eswatini. A Asiya kuma ƙasashen nan masu ƙarewa da "stan". Kwana huɗu sun isa. Kuma ki lura da irin taswirar da za ta ba ku, in ta Mercator ce ta 1569 za ki ga Girinlan ta yi kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14.

Dan_Maradi:
In ta cike daidai a ba ta 10, in malamar ta iya bambance Nijar da Najeriya a baki ita ma a ba ta 10.

Yaya_Nura_Harlem:
Ba wanda ya tanka ziyarar Majalisa, bari in ce wani abu tunda na je. Sai an yi rajista ta intanet tun da wuri, a je da katin shaida, a bi layin bincike kamar filin jirgi. Zagayen kansa wajen awa ɗaya ne. An shiga da mu zauren Kwamitin Sulhu, wanda Nowe ta ba da kyautarsa, ga teburin nan mai kamar kofaton doki, kujeru 15. Ina tsaye ina lissafi: biyar na dindindin masu ikon hawa kujerar na-ƙi, babu ƙasar Afirka ko ɗaya, alhali rabin maganar da ake yi a ɗakin tamu ce. Tun 2005 Tarayyar Afirka ta tsaya a taron Ezulwini na ƙasar Eswatini kan neman kujeru biyu na dindindin, har yau shiru. Najeriya ta zauna a kujerar wucin gadi sau biyar, Nijar sau biyu, na ƙarshe 2020 zuwa 2021. Ga Amina Mohammed da ta zama mataimakiyar babban sakatare a 2017, ga Tijjani Muhammad-Bande da ya shugabanci babban zaure a 2019. Abin rubutawa akwai. Amma da zuwa da dawowa rabin yini ne, ga kuɗin tikiti. Mai aikin yamma, ni ban ba ki shawara ba a wannan zangon. Ki je da hutu don kanki.

Dan_Fagge:
Ko kuma ta ba ChatGPT duka ukun, minti biyar an gama, ta je ta yi barcinta.

Anti_Bilki:
Kai dai Allah ya shirye ka. Maki 10 na ganin dama, in aka kama ta da satar rubutu kwas ɗin gaba ɗaya za ta iya rasawa, a kuma rubuta a fayil ɗinta. Wa ya aike ta?

Malamin_Jamia:
Kuma na'urar ba ta san matan da ke tsince zoɓo a siton Baba ba.

Ummi_Bronx:
Na dawo, kwana biyu ban leƙo ba. Na je ofishin malamar. Ta ce rahoton Hausa ya yi in na haɗa da fassara, amma na bar wannan, lokaci ba zai ba ni ba. Taswira na yi jiya, na samu 9, Gambiya da Gini Bisau suka rikita ni, Sojan Taswira kada ka yi min dariya. Zoɓo na fara. Anti, na sayi ledar na juya bayanta, sunan kamfanin da ya ƙulla kawai aka sa da adireshinsu, ba a faɗi ƙasar da aka noma ba. Mai kantin ya ce shi ma daga dila yake saye. Malamar ta ce in rubuta hakan yadda yake, wai rashin sanin ma wani ɓangare ne na labarin. Ta uku ban yanke ba tukuna, in na ga karatun jarrabawa zai taɓu zan haƙura da 19 ɗin.

Injiniya_Samaru:
In kin tsaya a 19, to 191 kike nema a jarrabawa kafin ki ga A mai ragi. Da ta ukun 181. Ni dai na faɗa.

Hafsat_KL:
Ka ga irin ta ko. Yanzu "ganin dama" ta koma tana hana yarinya barci.

Ummi_Bronx:
Baba Dawanau, don Allah in ba damuwa, ina son sanin nawa manomi yake sayar da buhu a kasuwar ƙauye, nawa yake kaiwa in ya iso wurinku, da abin da ake biyan matan da ke tsincewa. A nan 'yar ƙaramar leda na saya, ina son in auna in kwatanta.

Baba_Dawanau:
Farashi yana motsi 'yata, na makon jiya ba na yau ba ne, kuma mu a kilo muke yi da masu fitarwa, ba a buhu ba. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa da safe in tambayo miki na ranar. Wanne kike so, tsintacce ko yadda ya zo daga ƙauye da ƙasarsa?